Ranar da Inna Ta Juya Rigar Malam

Tun da Malam Maje na Fagge ya yi ritaya daga koyarwa, mutanen gidansa suka zama ɗalibai dole. An ce har kyanwar gidan ta yi ƙaura saboda lacca.

"Fasaha kalmar Larabci ce," ya ce da matarsa, Inna Huseina, karo na dubu, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. "Asalinta iya magana. Yaron nan kuwa sallama ma sai ya raba ta uku. Ba zan ba shi Raudha ba!"

Yaron shi ne Usaid, mai in'ina, mai aikin wuyan riga da hannu a Kasuwar Sabon Gari. Shekara biyu yana zuwa gaisuwa, Malam yana tambayarsa ma'anar kyau, shi kuma yana kallon takalminsa.

'Yarsu Raudha ta fito ido jawur. "Baba, wallahi na gaji. Aure ne fa, ba intabiyu ba!"

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

Ta durƙusa tana hawaye. "Ka yi haƙuri, Baba." Ba ta sake tayar da zancen ba har wata shida, sai rama.

Ana nan tsofaffin ɗaliban Malam suka shirya karrama shi. Ya sayo riga aikin inji a Titin Ibrahim Taiwo, mai ƙyalli kamar fitilar tirela. Usaid ya aiko masa da wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ta hannun Inna, ba ko saƙo. Malam ya shimfiɗa su biyun, ya yi rabin awa yana yabon mai ƙyallin.

"Ka gama, Malam?" in ji Inna.

Ta juya rigunan ciki ya koma waje. Cikin mai ƙyallin zare ne cakuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ta Usaid kuwa cikinta tas, sai ka rantse nan ne fuskar.

"Ubana maɗinki ne, ta ciki yake duba aiki. Wanda ya ƙawata inda ba mai gani, shi zai riƙe maka 'ya bayan 'yan biki sun watse."

Malam ya jawo rigar da Usaid ya aiko. Ya daɗe yana shafa zaren.

"To... a ce ya turo magabatansa."

Raudha ta zube nan tsakar gida, kukan gajiya da na murna suka haɗu.

'Yan mata, haƙurin Raudha bai faɗi ƙasa ba. Ku kuma idan an nuna muku abu mai kyau, riga ce ko saurayi, ku juya ku duba cikinsa.