Ramuka Shida a Doron Jirgin Aksel

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Juma'a Bodil Skov, 'yar sandan tsibirin, ta iso tashar jiragen ruwa ta Marstal. Ta tarar an riga an gama shari'a, sa hannunta kawai ake jira. Dattawa biyar sun yi cirko-cirko a kan gadar katako, kowa da kofin gahawarsa, suna leƙen jirgin Aksel Birk. Sabon farantin sola da aka ɗaura masa ranar Litinin ya yi ɓatan dabo.

Duk garin an san labarin farantin nan. Aksel mai shekara saba'in da shida ya shafe hunturu yana cika baki a ɗakin ƙungiyar masu jirage cewa ranar Lahadi mai zuwa zai tsallaka teku zuwa Sikotlan shi kaɗai. Jirginsa da iska yake tafiya, amma rediyo da fitilu batir suke sha, tsohon farantin kuwa ya tsage. Babu sola, babu tafiya.

"Ba sai kin wahalar da kanki ba," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Wanda ya ɗaura shi ya san yadda ake kwancewa."

Viggo mai gyara yake nufi. Shekara biyu ke nan da zuwansa daga babban birni, a Marstal kuwa wanda ba a binne kakansa a maƙabartar garin ba baƙo ne har ya mutu. Da yammacin ranar ƙungiya za ta zauna ta karɓe makullin rumfar da yake aiki. In aka karɓe, sai dai ya tattara ya bar tsibirin.

Bodil ta tuɓe takalmi ta hau jirgin, domin Aksel ne ya koya mata tuƙi tun tana 'yar shekara tara, ta kuma san dokarsa: ba a hawa masa jirgi da takalmi.

"Yaushe rabonka da ganin farantin?" ta tambayi Aksel, wanda ke tsaye a doron jirgin.

"Jiya da yamma, wajen ƙarfe shida."

"Ƙofar ɗakin jirgin fa?"

"A kulle na same ta."

"Wa kake zargi?"

"Ban kama sunan kowa ba," ya ce, idonsa a kan ruwa.

Ta durƙusa inda farantin yake a da. Ramukan sukuru guda shida, kowanne an cike shi da farin danƙon toshe ruwa, an shafe shi sumul. Bakin wayoyin biyu an naɗe su da tef, an tura su ƙarƙashin murfi. Ta danna farce a kan danƙon. Ya bushe ƙarau. A shekara goma sha huɗu na aikinta ba ta taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba, abin kuma bai kwanta mata ba.

Ta sami Viggo a rumfarsa, ya haɗa rai kamar an aiko masa da mutuwa.

"Kin zo kama ni? Tun safe mutum uku suka zo suka kwashe injinansu."

"Tambaya na zo yi. Ina kake jiya da yamma?"

"A jirgin fito, ina dawowa daga sayo kaya. Ga tikiti."

"Wane danƙo kake aiki da shi?"

Ya nuna mata kwali, duk baƙi ne. "Fari ai na tsofaffi ne, rana na cinye shi."

"Awa nawa yake yi ya bushe?"

"A wannan sanyin? Samansa ya kama cikin awa biyu, amma kafin farce ya kasa shiga sai ya kwana biyu."

Ta ƙirga a zuci. Kwana biyu baya Laraba ke nan, ba jiya ba. Ranar Laraba kuwa Viggo wuni ya yi a gaban idon jama'a yana ciro injin wani jirgin kamun kifi.

Daga nan ta nufi wurin Gudrun Holm, mai jirgin da ke maƙwabtaka da na Aksel. Shekara ashirin suna rigima a kan igiyar ɗauri, har ta taɓa rantsuwa za ta nutsar da shi.

"Ni? Me zan yi da farantin wannan tsohon ɗan rigimar? Addu'a nake ya tafi Sikotlan in huta."

"Ranar Laraba kina nan?"

"Ina nan ina fenti. Shi kuma ya ja tamfol ya rufe doron jirgi, ya shige ƙasa yana ƙwas-ƙwas kamar ɓera. Na ce masa, kai Aksel, wa ke sayen sola ya lulluɓe ta? Ya ce in ji da fentina. Tamfol ɗin bai tashi ba sai yau da asuba."

"An yi ruwa ranar?"

"Bayan la'asar, kamar da bakin ƙwarya."

Bodil ta koma jirgin Aksel. Ta so a ce wani ne daban. Ta tarar dattawan sun watse, Aksel na zaune shi kaɗai yana cin baƙin burodi da kifi.

"Buɗe min ɗakin, Aksel."

Bai musa ba. A cikin akwatin batir an zare fis ɗin wutar lantarki an ajiye a gefe, a tsanake. Ƙarƙashin katifar gadon gaba ga farantin nan, naɗe cikin bargo.

"Ɓarawo fincikewa yake ya gudu," ta ce. "Ba ya shiga ɗaki a kulle ya zare fis. Ba ya naɗe waya. Kai kuwa ka ga hadari ya taso ranar Laraba, ranka ya kasa barin rami ko ɗaya a buɗe ruwa ya shiga katakon. Da ka iya barinsu, da har yanzu ina neman ɓarawo."

Ya taɓa idonsa na hagu.

"Tun watan Maris likita ya gaya min. Wannan ya tafi, ɗayan na biye da shi. Fitilar bakin tasha ma biyu nake ganinta. Tsoro nake ji, Bodil. Amma na riga na faɗa a gaban kowa."

Baki shi ke yanka wuya. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma haka.

"Shi ne ka bari a ɗora wa Viggo?"

"Na ɗauka za a ce baƙi 'yan yawon buɗe ido ne."

"Ka fi ni sanin mutanen garin nan. Ƙarfe biyar za su zauna. Ko ka faɗa da bakinka, ko in karanta musu rahotona."

Ƙarfe biyar ɗakin ƙungiya ya cika. Viggo na zaune can baya, kujerun gefensa babu kowa, makullin rumfa a tafin hannunsa. Shugaba na shirin buɗe taro Aksel ya shigo rungume da farantin, ya ɗora a kan tebur.

"Ni na cire. Idona ya lalace, ba zan iya tafiyar ba, na kuma ji kunyar faɗa muku. Mutumin nan bai taɓa min komai ba."

Waɗanda suka fi zaƙewa da safe kowa ya duƙufa kallon kofinsa. Aksel ya ratsa kujeru har baya, ya miƙa wa Viggo hannu. Viggo ya dube shi, bai yi saurin karɓa ba.

"Da ka gaya min, ai da na raka ka," ya ce. "Idona lafiya lau. Shekara biyu ina gyara muku jirage, ba wanda ya taɓa ce min zo mu fita teku."