Shekara Huɗu Kuma

Tun da Auta ya dawo daga karatu, akwatinsa bai bar bayan ƙofa ba. A ciki yake zaro riga, a ciki yake mayarwa in an wanke. Umma ta kwashe masa tarkacen da aka jibge a ɗakin bayan tafiyarsa, ta yi maganar ya jera kayansa har bakinta ya gaji. Sai ya ce "to", ya wuce. Komai "to" ne. Gishiri ya yi yawa a abinci ya ci, an manta ba a sa ba ya ci. Yayarsa ta ce su dai ƙanin da suka raka filin jirgi ba shi aka dawo musu da shi ba, hotonsa aka aiko.

Ya gama digiri na biyu a fannin tace ruwan sha a wata jami'ar ƙasar waje, jami'ar kuma ta sake ba shi sikolashif na digirin digirgir, shekara huɗu, in ya amsa kafin ƙarshen wata. Baba tsohon hedimasta ne da bai taɓa zama a ajin jami'a ba, don haka labarin ya cika masa ƙirji. Duk baƙon da ya shigo falo sai an kira Auta ya faɗi taken binciken da zai yi. Ya tsaya jikin labule ya zubo shi tiryan-tiryan, baƙo ya gyaɗa kai bai tsinci ko kalma ba, Baba ya gyara zama yana murmushi.

Akwai kuma budurwarsa, Siririya. Yayyensa ne suka laƙaba mata sunan tun suna makarantar sakandare, ya bi ta har shagon tabarau inda take auna idon mutane. Ita ta jira shi duk tsawon karatun nan, da waya mai yankewa da saƙon da ba ya zuwa sai ta yi barci. Masu sonta sun zo sun koma.

Ranar da ya leƙa shagon, ya same ta tana goge gilasai tana jerawa a tire. Ba ta ɗago ba ta gaya masa cewa Baba ya je wajen Abbanta, shi kaɗai, ya roƙi a ƙara musu shekara huɗu. Abba ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce a'a. Ko dai manya su zo a tsayar da ranar aure kafin wata ya ƙare, ko ya ba ɗan abokinsa izinin fara zuwa.

"Kai ka tura shi?"

"Ban ma san ya je ba."

"To kai me kake so?"

Ya dubi allon haruffan da ke bango, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ya ce yana nazari.

"Shi ma nazarin digiri ake bayarwa a kansa?" Ta yi 'yar dariya, sai idonta ya kawo ruwa. Ta goge da bayan hannu, ta ce ba za ta ce masa ya zauna ba. In ya zauna saboda ita, duk ranar da aiki ya yi masa ɗaci ita zai kalla. In kuma tafiyar yake so, ya faɗa da bakinsa, za ta iya ɗauka. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ƙara jiran mutumin da bai san ko yana so a jira shi ba.

Ya fito titi yana sauraron zuciyarsa, ko za ta buga, ko wani abu zai tsinke. Shiru. Ya tsaya ya bar motoci suka wuce, ya tsallaka.

Wuri ɗaya ne yini ba ya yi masa tsawo. Dogo, abokinsa na aji, yana aiki a matatar ruwan garin, ya taɓa kiransa ya duba musu wani tankin tacewa da yake yawan toshewa. Daga leƙawa sai ya zama kullum. Ba wanda ya ɗauke shi aiki tukuna, ko da yake shugaban wajen ya ce akwai gurbi in yana so. A gida bai taɓa ɗaga zancen ba.

Wata la'asar ya shigo wandonsa jiƙe har gwiwa, takalmi na tsiyaya. Baba na zaune a baranda da kofin shayi. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wanda za a kira dakta ne yake yawo kamar mai gyaran famfo? Daga ina?

Auta ya ce daga matata. Ya so ya tsaya nan, sai bakinsa ya ƙi. Ya ce yau suka gano matsalar: yashin tankin ne ya cakuɗe da tsakuwa, saboda ana wanke shi da ƙarfin da ya wuce kima. Ya durƙusa, ya janyo faranti da cokalin Baba yana nuna yadda ruwa ke bi ta ƙasa ya ɗago datti. Ya ce da suka rage ƙarfin, ruwan da ya fito sai da Dogo ya ɗaga shi a kwalba yana ihu kamar an yi masa haihuwa. Unguwannin bayan kasuwa gobe za su ga bambanci a bokitinsu. Yana magana yana dariya, hannu na yawo, har shayin ya huce. Umma ta fito da tsintsiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa komawa.

Baba bai katse shi ba. Da Auta ya kai aya, sai Baba ya ce, "Faɗa mini taken binciken nan naka."

Auta ya miƙe tsaye. Hannuwansa suka koma baya da kansu. Ya zubo shi kamar kullum, ba tuntuɓe, ba numfashi.

Baba ya ajiye kofin.

"Shekara talatin ina gaban allo," in ji shi. "Na san muryar yaron da ya haddace, na san ta wanda abin ya shiga ransa. Ban taɓa zaton zan kasa ji a cikin gidana ba. Auta, digirin nan naka ne ko nawa?"

"Baba, ina tsoron in na amsa ya zama rashin kunya."

"Ka amsa ke nan."

A nan abin da ya daskare masa ya narke. Ya zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen wandonsa, ya kifa kai a gwiwar Baba, ya yi kukan da bai yi ba tun saukarsa daga jirgi. Umma ma ta juya baya tana jan hanci.

Ba a rana ɗaya Baba ya haɗiye ba. Kwanaki ya yi ba ya zaman falo, in baƙo ya tambayi labarin dakta sai ya ce yaro yana wajen aiki, ya kawo wani zance. Amma da Auta ya rubuta wa jami'ar godiya da ban haƙuri, Baba ne ya ce a karanta masa kafin a tura, har ya gyara masa jimla guda. Washegari Baba ya kira ƙannensa, suka nufi gidan Abban Siririya.

Shi kuwa Auta shagon ya je, ya jira ta sallami wata tsohuwa da ke ta canza firam ɗin tabarau. Ya ce ya karɓi aikin matata.

"Saboda ni?"

"Saboda kaina. Ke kuma ina so ki kasance a gidan da zan riƙa komawa."

Ta sunkuyar da kai, ta ce to ya riƙa cire takalmin a waje.

Haƙurin Siririya bai faɗi ƙasa ba, domin ta jira ba tare da ta ja shi da igiya ba, kuma ta san inda jiran ya kamata ya tsaya. Karatu abu ne mai daraja, amma ba a yi wa wani rayuwa. Iyaye su riƙa sauraron muryar 'ya'yansu, ba amsarsu kaɗai ba. 'Ya'ya kuma su sani cewa faɗa wa mahaifi gaskiya cikin ladabi ya fi "to" ɗin da babu zuciya a cikinta.