Almakashi a Wuya

Ku matso ku ji yadda aka yi auren Mai Shago, don wallahi labarin nan ya ƙi zama a cikina!

Ranar da suka fara haɗuwa da mijin nata, keken ɗinki ne ya tsaya a shagonta, aka kirawo mai gyara. Ya shigo da jakar kayan aikinsa, ya durƙusa gaban keke, amma idonsa na kan wuyanta. Wani ƙaton almakashi ne rataye da igiya, yana lilo a ƙirjinta.

"Ranki ya daɗe, wannan sabuwar sarƙa ce aka fito da ita?"

Ta harare shi. "Yadin mutane ne. In aka yanka ba daidai ba, ba ya komawa. Ni kaɗai ke yanka a nan."

Ma'aikatanta biyu, Doguwa da 'Yar Fara, suka sunkuyar da kai suna gumtse dariya. Sun daɗe da ita, amma ko aljihu ba ta taɓa bari sun yanka ba.

To, abin mamaki, keken nan ya sake tsayawa. Aka gyara, ya kuma. Ta yi ta tunani, wane irin keke ne wannan? Shi kuwa Mai Gyara kullum sai ya tarar noti ɗaya ne ya kwance, ya ɗaure a hankali kamar mai jin barci, ana hira. Da haka har ya karɓi lambarta, suka fara musayar saƙo.

"Uwar Almakashi, kin ci abinci kuwa?"

"Ban samu zama ba."

"To ki yanko min minti biyu, tunda ke kaɗai ke yanka."

Ta karanta ta kifa wayar tana murmushi ita kaɗai.

Da magana ta kai gida, sai mamarsa ta ce a kawo ta su gaisa. Aka sa rana, ba ta je ba, aiki ya riƙe ta. Aka sake sawa, haka. Ran Mama ya ɓaci, ta kira ɗanta.

"Yarinyar da ba ta iya barin shago ta gaishe ni, ranar da kake kwance ba lafiya fa? Ga 'yar ƙawata nan, kullum tana leƙo ni."

Sai ga saƙonsa ya shigo wa Mai Shago: "Masoyiya, Mama ta ce gobe da safe. In ba ki zo ba, a bar maganar. Ni dai ba na son a bari."

Goben nan kuwa akwai leshi mai tsada na wata mata da za a yanka. Ta zauna ta zuba wa leshin ido, hannunta na kan igiya.

Doguwa ta ce, "Anti, ba ni almakashin nan."

"In kika ɓata fa?"

"In na ɓata ki yi min faɗa, na koya. Wai keken da ke ta lalacewa, wa kike zato ke kwance notin?"

Ta zaro ido. "Ke?"

'Yar Fara ta ce, "Karɓa-karɓa muke yi. Miji ma mun iya zaɓa miki, balle hannun riga!"

Mai Shago ta yi dariya har da hawaye. Ta cire igiyar, ta rataya wa Doguwa.

A falon Mama, bini-bini sai ta shafa wuyanta, ta kalli waya. Mama ta lura.

"Me ya ɓace miki, 'yata?"

Ta faɗa mata gaskiya, cewa yau ta fara bar wa ma'aikatanta almakashinta. Mama ta ce, "Kira su mana."

Ta ɗauki wayar, ta jujjuya, sai ta jefa a jaka. "A'a Mama. Wurinki na zo."

Mama ta matso mata da kofin shayi. "Sha, kada ya huce."

Da ta koma, an yanka, har an haɗa. Wuyan rigar ba irin yankanta ba ne, ya ɗan fi faɗi. Bakinta ya yi ƙaiƙayi, ta dai haɗiye. Ta tambaya, "Yaya kika fitar da shi haka?" Doguwa ta ɗauko alli ta nuna mata. Mai leshi ta zo ta gwada, ta juya gaban madubi, ta tafi da kayanta tana sa albarka.

Rigar aurenta ma su suka yanka, suka hana ta gani sai ranar. Ango ya raɗa mata, "Tun zuwana na biyu na gane hannu ne ke kwance notin nan."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Wa ke tona asirin mai taimakonsa?"

Yanzu ga ta can da jaririyarta a cinya, shago na ta aiki, almakashi na rataye a ƙusa jikin bango, mai buƙata ya ɗauka. Keken kuwa, tun ranar ɗaurin aure bai sake tsayawa ba. Allah ya bar su tare, ya raya 'yar nan, ya ba kowa irin Doguwarsa!