Sassaƙen Maɗaci

Maganar ta maƙale a bakin Kaosarat tana tsaka da yi wa 'yan matan wata makaranta ta Rijiyar Lemo bayani.

Tsohon maɗacin da ya girmi kowace bishiya a lambun yana tsaye tsirara. An sassaƙe ɓawonsa zagaye, tun daga gindi har inda hannun namiji zai kai.

Shekara uku tana aiki a wannan lambun koyar da itatuwa na Fagge, kullum karatun guda ne: mai neman sassaƙen magani gefe ɗaya zai yanka, faɗin tafin hannu, ya shafe wurin da laka. Wanda ya zagaye bishiya ya kashe ta.

Kuma ta san mai aikin, wallahi ta sani.

Waliu ne, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure. Mahaifiyarsa Alhaja Mulikat, mai sayar da maganin gargajiya a kasuwar Sabon Gari, ta daɗe tana nacin ɓawon nan, wai na tsohon maɗaci ya fi ɗaci, ya fi aiki. Da Kaosarat ta hana, sai matar ta daina amsa gaisuwarta, ta koma yabon Fareedah 'yar ƙawarta a gaban kowa.

Ranar Asabar da ta wuce Waliu ya zo zance da muryar nan tasa mai kashe jiki.

“Tafin hannu ɗaya kawai, ruhina... Mama ta huce, a bar mu mu yi aurenmu.”

So makaho ne. Ta ba shi makullin don Lahadi lambun a rufe yake, har ta zana masa a ƙasa yadda zai yanka. Ashe buhu ya tafi da shi.

Malam Gana, shugaban lambun, bai yi mata faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi. Cewa ya yi makulli biyu ne, nasa da nata, ƙofa kuma ba a ɓalle ba. Ta faɗi sunan wanda ta ba, hukuma ta ji da shi, ita ta ci gaba da aikinta.

A ranta ta hango Waliu a hannun 'yan sanda, ta hango auren ya watse. Ta ce ba ta sani ba, ta sa hannu a takarda, aka sallame ta daga aiki. Kafin ta kai shataletalen Bata, labari ya riga ta gida: an kori Kaosarat kan sata.

Kwana uku wayarsa a kashe. Ran na huɗu ta bi shi rumfarsu a Kantin Kwari, idonta luhu-luhu, amma zuciyarta cike da sa rai, don a ganinta ta ba da aikinta ta sayi aurenta. Ta same shi yana auna shadda, ko kujera bai nuna mata ba. Kansa a ƙasa ya gaya mata Mama ta tara dangi jiya, an yanke ba za a kawo musu wadda aka kora kan sata cikin zuri'a ba. Kayan lefen ma gidan su Fareedah za a juya da su.

“Waliu... saboda kai fa aka kore ni.”

Ya ci gaba da ninke shaddar.

“Kai ka kashe bishiyar nan. Ni na rufa maka asiri!”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Ta nemi kunya a idonsa, ta nemi tausayi, ko ƙwayar gero ba ta samu ba.

“Yi a hankali, akwai mutane,” ya ce. “Ke da hannunki kika rubuta ba ki san wanda ya yi ba. Yanzu wa zai yarda da ke?”