Wanda Ya Yanki Labulen Sabi'u

Sabi'u ya buɗe gidan kallon ƙwallonsa da hantsi, ya tarar rana ta riga shi shiga. Haske ya kwanta shame-shame a kan bencina, a ɗakin da ko tsakar rana sai an lalubi wurin zama. An yanke labulen tagar gabas daga ƙasa, an tafi da yanki guda. Bai tsaya duba sauran kaya ba, ya haye babur sai buron jandarmomi.

Duk Gazawa babu wanda bai sha labarin labulen nan ba, don Sabi'u ba ya gajiya da ba da shi. Har Maraɗi ya je ya zaɓo, ya sa mai shago ya sauko da kaya kamar za a yi ƙaura. Kowane yadi sai ya kara fitilar waya a bayansa, in ya ga ɗigon haske ya ture. Ya ƙi mai gashi don yana riƙe ƙura, ya ƙi mai santsi kamar leda don yana dafa mutane da zafi. Daga ƙarshe ya samu mai ninki uku, baƙi wuluk, wanda haske ba ya ratsawa. Tun daga nan masu kallon wasan la'asar suka koma wurinsa, shi kuma ya shiga ji da labulen fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu.

Ajudan Rabilu, babban jandarman wurin, shi ne ya karɓi ƙarar. Ya daɗe a aikin, ya kuma kai shekarun da mutum ke ganin ya san ƙarshen magana tun daga sallama.

"Wa kake zargi?"

"Ba zargi ba ne, Ajudan, sani ne. Mujahid ne, wan matata."

"Dalili?"

"Satin da ya wuce ya tare ni a tasha, wai na bar ƙanwarshi tana wankan jego ban leƙa ba. Ya ce wata rana sai ya yage ridon tagar nan da nike bauta mawa. Mutane sun ji. Kuma da can shi ke tsare mani ƙofa, ya san makulli."

Shaidu suka tabbatar da maganar tasha, Ajudan ya aika a zo da Mujahid. Sabi'u bai bari abin ya tafi a rufe ba. Ya bi su har bakin buro yana kiransa ɓarawo a gaban 'yan kabu-kabu da masu saida rake, yana rantsuwa ko uban wa ya zo ba zai janye ba. Mujahid, ƙaton bakanike mai hannu kamar faranti, bai ce uffan ba. Ya kwana a kulle, Ajudan kuwa bai ko je ya ga tagar ba. Wannan gaggawa ta daɗe tana cin sa daga baya.

Sai washegari ya je wurin. Gidan kallon tsohon zauren gidan su Sabi'u ne aka faɗaɗa. Kwaɗo lafiya lau, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Tele na nan, dikoda na nan, batir na nan. Ajudan ya tsuguna ya kama bakin labulen da aka yanka, sai ya ji yatsarsa ta bi ta kan wani abu. Ya jawo shi cikin haske. An kalmashe bakin yadin, an ɗinke shi da hannu daga wannan gefe zuwa wancan, da farin zare, ɗinki manya-manya, wani dogo wani gajere.

"Kai ka ɗinke wannan?"

"Ni? Ban ma lura ba," in ji Sabi'u.

"Wa ke da makulli ban da kai?"

"Akwai guda cikin gida, rataye a ɗakin Inna. Wanga ba abin magana ba ne."

"Wa ya ɗinka maka labulen tun farko?"

"Sharifu tela."

Sharifu na bakin kasuwa, ya ga kaki ya tsaya a ƙofar shagonsa, ƙafarsa ta zame daga kan keken ɗinki. An san ya taɓa roƙon Sabi'u ragowar yadin aka hana shi, shi ya sa Ajudan ya fara da nan.

"Kana son yadin, ko ba ka so?"

"Ina so, ranka shi daɗe, amma so ba sata ba ne. Kwana biyun ga ina Cadawa wajen suna, a tambayi direban da ya maido ni."

Ajudan ya nuna masa hoton ɗinkin a waya. Sharifu ya duba, tsoronsa ya koma haushi.

"Haba! Ni zan sa farin zare a baƙin yadi? Ko a kaso aka kulle ni ba ni wanga ɗinki."

"In wani ya rataya yankin a gidansa, yaya zan gane shi?"

"Kada ka nemi baƙi. Baƙin ciki yake kallo. Bayanshi ruwan toka ne mai ɗan sheƙi, shi ke kallon waje don ya kori zafi."

Direban ya tabbatar da tafiyar, aka sallami zancen Sharifu. Ajudan ya koma buro, ya sa aka fito da Mujahid, ya ba shi kujera.

"Kai ka yanki labulen?"

"A'a."

"Ka san wanda ya yanka?"

Mujahid ya dubi ƙasa.

"An kira ka ɓarawo a bainar jama'a, ka kwana a kan siminti. Mai gaskiya a nan ɗakin ihu yake yi mani, har sai na ce ya isa. Kai ka yi shiru. Wa kake rufa wa asiri?"

"Ajudan, in ɗauri ne a ɗaure ni. Abu guda nike roƙo, kada maganar ga ta kai kunnen Salima. Ba ta da lafiya."

Sunan da Mujahid ya ambata shi ne na ƙanwarsa, matar Sabi'u, wadda ta yi haihuwar fari take wanka a gidan iyayenta. Nan kuwa shi ne gida ɗaya a garin da Sabi'u ba zai kutsa kai ciki ba, don suruki iyakarsa zaure.

Rana na tsaka Ajudan ya bi lungun gidan Ɗanmalam, mahaifin su Mujahid. Bai ma kai ƙofa ba ya hango wata ƙaramar taga a bangon laka, an toshe ta da yadi ruwan toka yana sheƙi. Ya kashe babur, ga shi ya so ƙwarai a ce kwali ko buhu ya gani.

Maigidan ya tafi neman wanda zai sa baki a saki ɗansa. Husaina, mahaifiyar Salima, ta fito ido jajir. Labarin da ya iso mata shi ne an fasa gidan kallo an kwashe tele.

"Ɗana bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ranka shi daɗe."

"Na sani, Hajiya. Wancan yadi na taga, daga ina?"

Fuskarta ta ɗan saki. "Ai saƙon mijinta ne, Allah shi yi mashi albarka. Tun da ta haihu kanta ke sarawa, haske kamar ana zuba mata barkono a ido. Mun sa zane, mun sa tabarma, duk a banza. Ta yi ta faɗa mashi a waya ya samo mata irin ridon wurin aikinshi, yana cewa bari wasanni su lafa. Sai jiya da sassafe ga uwarshi, Habi, da shi a naɗe, ta ce ga shi in ji shi. Rabon yarinyar ga da murmushi tun ranar suna, sai jiya. Shi ya sa na kasa gane yadda mai wanga kirki zai kai ɗan'uwanta buro."

Suna tsaye ne dab da ƙofar ɗakin, Husaina kuma ba mai ƙaramar murya ba ce. Ajudan ya nemi izini ya leƙa. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga Salima kwance, fuska da ƙafafu sun kumbura suntum, jaririya a gefenta.

"Ajudan," ta ce a hankali, "mi ya kawo jandarma wajen ridona?"

"Wucewa nake, na ga ya yi kyau."

Shi ma ya san ƙaryar ba ta zauna ba. Ya ja Husaina gefe ya ce ciwon kai da kumburi bayan haihuwa ba na labule ba ne, a kai ta likita yau, kada a jira maigida.

Ya sami Habi a tsakar gidanta, ta tasa kwaryar wake a gaba ba ta taɓa ba. 'Yar tsohuwa ce, idonta ya fara hazo. Da ta ga kaki ba ta firgita ba, sai ta miƙo hannuwa biyu.

"Na san za ka zo. Ni ce. A saki yaron mutane."

"Sauke hannunki, Inna. Me ya hana ki tambaye shi?"

"Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunanshi ba, balle in zaunar da shi in ce mashi ga yadda za ka yi da matarka. Na aika ƙanwarshi ta faɗa mashi, ya ce to. Na je na ga yarinyar tana kuka da ido rufe. Sai na ce abu na gida ne, in ɗiba kaɗan, in ce shi ya aiko, kowa ya huta."

"Ɗinkin fa?"

"Na ga bakin zai zare ya lalace mashi. Yana son abin."

"Da aka kama Mujahid, me ya sa ba ki zo ba?"

"Na zo har bakin buronku. Na tarar da wancan yana rantsuwa gaban mutane. In na buɗe baki, na maida shi wanda ya kai uwarshi ƙara. Na koma gida, ban runtsa ba."

Ajudan ya kira Sabi'u buro, ya rufe ƙofa, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ba a fasa kwaɗo ba, ke nan da makulli aka shiga. An bar tele da batir, ke nan ba don a sayar aka yi ba. Mai huce haushi yaga yake yi ya watsar, wannan kuwa ya ɗebi daidai ƙaramar taga. Sannan ya zauna ya ɗinke abin da ya bari, da zaren da idonsa ke iya gani.

"Mutum ɗaya ne a garin nan zai ɗauki kayanka yana tausayin kayan," in ji Ajudan. "Ta kai wa matarka da sunanka. Mujahid ya gani a tagar, ya gane, ya zaɓi ya kwana a kulle da a ce uwarka ɓarauniya ce, ko ƙanwarsa ta san ba kai ka aiko ba. Ni ma da na je na duba tagar nan tun jiya, da bai kwana ba."

Sabi'u ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Da aka fito da Mujahid ya tashi zai kama hannunsa, Mujahid ya karɓi wayarsa da makullin babur, ya yi wa Ajudan sallama, ya raɓa ta gefensa ya fita.

Bayan la'asar Sabi'u ya sauke labulen gaba ɗaya, ya naɗe, ya roƙi Ajudan ya raka shi. Ajudan ya yarda, don shi ma yana da haƙurin da zai bayar a gidan. Suka tarar da Ɗanmalam a kan tabarma a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwa cikin mutunci, ya tambayi lafiyar Habi, ya karɓi haƙurin Ajudan. Sabi'u ya durƙusa da ƙunshin a hannu.

"Baba, na kawo wa Salima ne. Na kuma zo a yafe mani."

"Allah shi yafe mamu baki ɗaya. Sai dai ba ta nan. Likita ta ce jininta ya hau ƙwarai, an wuce da ita Maraɗi. Mujahid ya bi su ko riga bai sake ba."

"Maraɗi? Baba, ba wanda ya kira ni."

Tsohon ya gyara zama, ya dubi hanya.

"Na ɗauko waya zan kira ka. Ita ta ce a bari, kada a dame ka."

Ɗanmalam ya jawo butarsa ya fara alwala, Ajudan kuma ya koma wajen babur ya tsaya yana jira.