Mai Tsinke da Auta

A bakin randar wani gida Auta ta fara ganinsa, ya durƙusa yana tsoma ɗan tsinken takarda a ruwan mutane. Ita aikinta raba ƙwayar tsabtace ruwa gida-gida, a shirin da aka kawo don yara su daina gudawa. Babanta ne mai kula da siton ƙwayar. Shi kuwa masu ba da kuɗin shirin ne suka turo shi ya duba ko abin na aiki, ko zubar da dukiya kawai ake yi. In da magani a ruwa tsinken ya yi ja, in babu ya zauna fari.

"Malam, ba a koya maka sallama ba sai leƙen randa?"

"Na yi. Ke ce kika tsaya hararata ba ki amsa ba."

Daga ranar ta sa masa Mai Tsinke, shi kuma ya riƙe lambar wayarta. Kan a ce me, saƙo ya fara shigowa: "Autata, yau duk inda na tsoma ja nake gani. Hannunki akwai albarka."

Ta karanta, ta san ba albarka ba ce. Duk lungun da zai shiga labari ya riga shi. Mata su jefa ƙwaya, ya gwada, yana fita su zubar, don ba sa son warin. Sauran kuwa a wanki take ƙarewa, tana fitar da farin kaya tas. Auta ta sani, ta yi gum. Tukunyar gidansu da wannan shirin take tafasa.

Ranar da ya zo gaida iyayenta, Mama ta kawo masa ruwa. Hannu ya saba. Yana cikin gaisuwa ya zaro tsinke ya tsoma, bai ma san ya yi ba. A gidan mai sito, tsinke ya fito fari fat.

Baba ya dube shi. "Gaisuwa ka zo ko bincike?"

Daga nan Mai Tsinke ya daina faɗin inda za shi. Randa bayan randa, fari. Ya je asibitin unguwa, ya tarar yara na kwanciya kamar da.

Ɗan kwangilar da ke kawo ƙwayar, wanda ya daɗe yana son Auta, ya fara zarya da buhun shinkafa, yana tuna wa Baba wanda ya sama masa aikin. Baba ya kira Mai Tsinke ya ce, "Ka ce wa masu ba da kuɗin abin na aiki, gobe ka turo manyanka."

"Baba, in na faɗi haka, haka za a ci gaba, yaran kuma suna kwance."

"To ka daina taka min ƙofa."

Auta ta yi kuka har ta gaji. Ta rubuta masa: "Na sani tun farko, na bar ka kana murna. Ka yafe min. In ka faɗi gaskiya mun shiga uku, in ka yi ƙarya saboda ni ba zan iya kallonka ba."

Ya amsa: "Ina roƙonsu su mai da kuɗin wajen gyara famfon unguwa. Ban san ko za su ji ba. Ke dai kar ki bar ni."

Rabin maganarsa suka ji. Suka rufe shirin, maganar famfo suka ce sai sun zauna. Aka sa wa sito kwaɗo, Auta ta mai da rigar aiki, ɗan kwangila ya ɗauke ƙafa kamar bai taɓa sanin gidan ba. Mata suka daina amsa gaisuwarta, wai ita ta jawo musu. Baba ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Mai Tsinke kullum sai ya zo ya gaishe shi, kullum Baba ya kau da kai.

Ranar da aka binne jaririn maƙwabta, suna dawowa Baba ya tsayar da shi a hanya.

"Ba ka yi mana ƙarya ba. Amma ka rushe, ba ka gina ba, kuma za ka koma inda ruwa ke da kyau. In kana sonta, nan za ka zauna. Abin da 'ya'yanmu ke sha, shi naka za su sha."

"Na yarda, Baba."

Ya nemi sauyin wurin aiki, ya kama ɗaki biyu a bayan asibiti. Aka ɗaura aure da mutane kaɗan, rabin unguwa ba su zo ba. Mama ta sa musu albarka tana share hawaye. Baba ya dafa kan Auta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya abin da za ku haifa."

Auta ta riƙe hannun mijinta, suka ce amin.