Yadda Wanzami Ya Rasa Gemunsa

Can da, a wani gari, an yi wani tsohon wanzami mai farin gemu har ƙirji. Ya daɗe da ajiye sana'a, sai aka haifa masa jika mace. Da askarsa ake yi wa duk 'ya'yan gidan askin suna, don haka ya ɗauko zabirarsa ya zaro ta. Sai ya tarar ta yi tsatsa jawur.

Ɗansa ya ce, "Baba, bari in sayo sabuwa a kasuwa."

Tsoho ya ce, "Ita ta yi maka aski, ita za ta yi wa 'yarka. Amma ba za ta hau kanta ba sai ta daina cizo."

Ya cire tsatsar da toka da lemon tsami. Ya wasa ta a dutse, ya goga a fata, ya gwada a gemunsa. Ta ja gashi, ya ji zafi. Ya sake wasawa, ya sake gogawa, ya sake gwadawa. Kullum aska na ƙara kaifi, kullum gemu na raguwa.

Ranar suna da safe ya gwada a ɗan gashin da ya saura, bai ji komai ba. Ya karɓi jaririya ya yi mata aski tas, ko farkawa ba ta yi ba.

Matarsa ta dube shi tana dariya, ta ce, "Malam, ina gemun?"

Ya rungume jikarsa ya ce, "Amarya na yi, ai dole in koma saurayi."